Muruci da Turken Gwamnati

Bana ruwa ya yi mana irin halin da ya yi a waccan shekara. Ya sauko da wuri, kowa ya yi shuka da murna, gero ya kai gwiwa, sai sama ta yi shiru kamar an yi mata laifi. Ina zaune a Tambuwal gidan autana, inda na koma tun rasuwar maigidana, ina fifita a cikin zafin nan mai nauyi na hadarin da ke haɗuwa ya watse, sai waya ta yi ƙara. Jumma ce, 'yata, daga ƙauyenmu na bayan Kebbe. Tana da sunanta na yanka, amma 'yar fari ce, ba na kama shi.

"Iya, malamin daji yaz zo," in ji ta. "Ya kafa jan turke bisa ramin murucina. Wai ba a tona sai da izini."

Na yi dariya har sai da jikata ta leƙo ta ga ko lafiya. Jumma ta san labarin turken nan, amma ji kawai ta yi. Ranar da na fara karo da shi tana wurin, sai dai a bayana take, a goye, ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi.

Zamanin mulkin soja ne, ina da goyon fari. A gidan mu huɗu ne: ni, da maigidana, da Jumma, da uwar mijina Inna Tumba. Gajeriyar tsohuwa ce mai ido ɗaya, amma da wannan ɗayan tana ganin abin da masu biyu ba su gani ba. Tun bazara, lokacin da rana ke dafa ƙasa har kaza ta riƙa ɗaga ƙafa, ta leƙa rumbu, ta dubi gabas, ta ce mini, "Kulu, bana mu yawaita ƙwallo. Iskar ga ban yarda da ita ba."

Ƙwallon giginya take nufi. Yaran yanzu muruci suka sani a faranti, dafaffe, ba su san ƙwallon giginya ne ake binnewa ya yi tsiro ƙasa, a tono a dafa ba. A gefen fadamarmu akwai kurmin giginya tun kaka da kakanni, ba na kowa ba, kuma na kowa. Daga baya hukuma ta zo ta shata gandun daji, ta jera turakun siminti, kurmin ya faɗa ciki. Ba wanda aka tambaya. Mu dai ba mu fasa zuwa tsinta ba, don giginya ba ta fasa zubar da 'ya'yanta ba.

Da an yi sallar asuba muke fita, mata a jere da kwanduna. Tun daga nesa za ka ji ƙamshin nan mai nauyi na nunanniyar giginya, ka ji ɗaya ta faɗo dum, kowa ta kare kanta da kwando. Mu cika mu ɗauko, wuya na ƙara, gumi na shiga ido. A gida mu tsotse naman har leɓe ya yi rawaya, zare ya cika haƙori, mu dama kunu da ruwansa, ƙwallon kuma mu tara bayan ɗaki. Da ruwan farko ya sauka, ni da Inna Tumba muka haƙa rami mai faɗi a ƙasan gonarmu, wurin da ya fi riƙe laima, muka jera ƙwallo ɗaya gefen ɗaya, muka rufe. Ta tattaka ƙasar da ƙafarta, ta yi bisimilla, muka koma gida.

Maganarta kuwa ta tabbata. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake, gero ya taso da ƙyar, ruwa ya ɗauke. Kullum da la'asar hadari zai haɗu ya yi baƙi ƙirin, iska ta kawo ƙamshin ruwan da ya sauka a wani gari, mu fito da tukwane, sai ya watse ya bar mu da zufa. An yi roƙon ruwa, maza sun fita da riguna a juye. Da rumbu ya nuna gindinsa, maigidana ya bi maza zuwa kudu neman ƙwadago. Da zai tafi ya sa ni kulle, yunwa ta zo ta buɗe ƙofar, ba ta nemi izinin kowa ba.

Gonar ta fi ƙarfinmu, amma ramin muruci bai fi ƙarfinmu ba. Rijiya ta yi ƙasa har guga na kwaso laka, duk da haka safe da yamma nake ɗaukar tulu in kai wa ramin. Inna Tumba na biye da ni da 'yar ƙwarya, tana tsiyaya ruwan a hankali kada ya gudu. Duk matan ƙauyen haka suke yi da nasu. Ba mai faɗa, amma kowa ta san abin da ke cikin ƙasar nan shi ne abincin kaka, don kan gero babu komai sai ƙaiƙayi.

A nan Malam Sahabi ya shigo. Shi ne malamin daji, mutumin Sanyinna, dogo siriri, kakinsa kullum a goge, kekensa kullum a wanke. Da ma mai cin hanci ne da an huta, a ba shi kaza ya kau da kai. Shi irin masu gaskiyar nan ne da gaskiyarsu ke iya kai mutum kabari. Ya tara mutane a ƙofar mai gari ya ce doka ta hana fitar da ƙwallon giginya daga gandu. Tun da an riga an fitar an binne, abin da ya tsiro na gwamnati ne, za a bar shi ya zama itace. Wadda ta tona, sai gaban alƙali a Tambuwal. Tsofaffin da suka rage a gari suka sunkuyar da kai suna cewa, "To, ranka shi daɗe." Ina bayan darnin kara ina ji, na ji kamar in tsallako in shaƙe su.

Washegari ya zo da turaku ɗaure a bayan keke, kowanne an shafa wa kansa jan fenti, ya bi ramukan mata yana kafawa. Namu ya kafa a tsakiya, ya buga da dutse har ya zauna daram.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sarar gatari. A cikin gandun nan da aka hana mu tsintar abin da ya faɗo, 'yan azara daga birni suna kwantar da giginya tun safe har yamma, don suna da lasisi. Kana tsakar gida za ka ji ta faɗi, ƙasa ta amsa, ruwan randa ya yi rawa. Itacen da ya girmi Inna Tumba ake tsagawa a loda a mota a kai a rufa wa wani soro. Mu kuwa da muka ɗauki ƙwallo, mu ne masu kashe daji.

Muka koma kan ganye. Tafasa, lalo, rama, duk abin da akuya ta ci ba ta mutu ba. Mu dafa mu matse, mu barbaɗa dusa idan an samu, mu ci ciki ya kumbura, bayan ɗan lokaci ya koma fayau. Yunwa tana da wari, wanda bai yi ta ba bai sani ba: bakin mutum ya yi ɗaci, numfashinsa ya canza. Inna Tumba ta koyi wata ƙarya, da na ajiye ƙwarya sai ta ɗan taɓa ta ture mini, ta ce ta ƙoshi. Na san ƙarya ce, kuma ina karɓa, don nono nake nema wa Jumma. Duk da haka nonon ya ƙafe. Yarinyar da ta fara rarrafe ta koma kwanciya, wuyanta ya yi siriri, gashinta ya yi ja. Ta kama nono ta ja ta ja, ta saki, ta dube ni. Wannan kallon har gobe ban yafe wa kowa shi ba.

Lokacin muruci ya yi. Na sani, don ƙasar ramin ta fara tsagewa. Inna Tumba ta kira ni ta yi ƙasa da murya.

"Ɗiyata, mata na zuwa da duku-duku suna zarar guda-guda daga gefe, su maida ƙasa. Mu ma mu yi hakanan. Ba mai sani."

"Inna, ni nid ɗauko ƙwallon ga bisa wuyana," na ce mata. "Ni nika ba shi ruwa, ni da ke. Yau in tai in sace shi awa ɓarauniya? Wallahi da rana nika tona shi, kowa shi gani."

Ta dube ni da idonta ɗaya ta ce, "To ɗauki dagi, hauya ba ta kai ƙasa."

Na zaɓi ranar kasuwar Kebbe, don na san ta hanyar gonarmu yake wucewa. Na goya Jumma, na ɗauki dagi da tukunya da tulun ruwa. Na fara da turken. Na girgiza shi, ya ƙi, na durƙusa na rungume shi na ja har na faɗi zaune da shi a hannu. Sannan na shiga tono. Da dagi ya kai ƙasa na zura hannu na ji shi, sanyi, santsi, dogo kamar damtsen yaro. Na zaro na farko na riƙe, sai hawaye. Na cika ƙwarya, na wanke, na jera duwatsu uku a bakin hanya na ɗora tukunya.

Sai maganar itace. Shiga gandu neman itace ma laifi ne, kara kuwa babu, tun da gero bai yi ba. Na waiwaya na ga turke kwance, busasshiyar ƙirya, babu itacen da ya fi ta riƙe wuta. Na sa dagi na faskara shi. Fentin ya yi ɗan baƙin hayaƙi da wari, daga nan wuta ta kama tas.

Tukunya na tafasa na ji ƙararrawar keke. Malam Sahabi ya sauka, ya dubi ramin, ya dube ni, ya dubi tukunya.

"Kulu, ina turke?"

"Ga shi nan ƙarƙashin tukunya, Malam. Busasshe na ƙwarai, Allah shi saka maka."

Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. "Kin san abin da kinka yi? Alamar gwamnati kinka ƙona."

"Icce nig gani, Malam, icce niƙ ƙona. Gwamnati tana can inda take, ba ta ji zafi ba."

"Juye shi cikin ƙwarya ki ɗauka, shi na shaida. Mu tai Kebbe, daga can Tambuwal."

Ban yi gardama ba. Na juye murucin yana tururi, na ɗora a ka, muka kama hanya, shi yana tura keke ni ina biye. Mata na leƙenmu ta bayan darni. Rana ta take, yashi na ƙona tafin ƙafa, ƙamshin murucin na saukowa daga kaina yana murɗa mini hanji. Mun yi nisa sai na ji bayana ya yi nauyi wani iri, kan Jumma ya langaɓe gefe. Na kira ta, shiru. Ban tsaya neman izini ba, na ratse gindin wata tsamiya na kwance goyo. Idonta a rufe, leɓenta ya bushe, amma tana numfashi. Na ɓare muruci na tauna har ya yi laushi, na haɗa bakina da nata na tura mata. Da farko ba ta motsa ba. Can na ji harshenta ya taɓa nawa, ta haɗiye. Na sake taunawa.

"Ke! Shaida ta kika ci!" in ji Malam Sahabi.

"In alƙali na son ta, shi nemo ta cikin ɗiyar ga."

Ya jingine keke ya tsaya a kanmu. Na zaci zai fizge ƙwaryar, na riga na shirya cizonsa. Sai ya yi magana a hankali.

"Kina ganin mugu nike. Na zagaye gandun ga ƙafa da ƙafa, Kulu, babu ƙaramar giginya ko guda. Duk tsofaffi na. Kun tsince ƙwallo, kun cinye muruci. Ɗiyar ga da kika ba, in ta girma, ina za ta tsinto nata?"

"Ta girma tukuna," na ce.

Kamar an aiko ta, sai ga motar 'yan azara ta taho daga wajen gandu tana nishi, an loda mata giginya har tana karkata. Direban ya ɗaga wa Malam Sahabi hannu, yaran motar na zaune bisa kaya suna waƙa. Muka bi ta da kallo har ta ɓace.

"Su fa, Malam? Ka tambaye su inda ɗiyata za ta tsinto nata?"

"Suna da takarda."

"Wa ab ba su?"

"Ba ni ba," in ji shi, bai dube ni ba.

Na ci gaba da ba Jumma, ni ma ina ci, a gabansa, ɗaya bayan ɗaya, har ta buɗe ido ta kama yatsana. Da ya ga ƙwaryar ta kusa zama ɓawo zalla, ya ɗauki kekensa. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙe shi ba. Cewa ya yi, "Koma gida. Gobe ina kawo wani turke."

Ya kuwa kawo, don shi ba ya saɓa magana. Ya kafa, ya buga da dutse, ya tafi. Kafin ƙurar kekensa ta kwanta na tuge na faskara. Da mata suka ga na kwana a ɗakina ba a Tambuwal ba, kowa ta fito da daginta da rana tsaka. Ya riƙa kawo turaku, muna dafa muruci da su. Har ya zama idan an hango shi da kaya a bayan keke, sai wata ta rangaɗa guɗa ta ce gwamnati ta aiko da iccen girki. Kai ƙauye guda na mata masu goyo gaban alƙali kuwa ba abu ne da keke ɗaya zai iya ba. Daga baya ya daina zuwa, muka ji an mayar da shi wani daji.

Murucin nan ya riƙe mu. Mu ci dafaffe, mu shanya wani mu daka mu yi kunu. Nono ya dawo kaɗan-kaɗan, Jumma ta sake rarrafe. Amma Inna Tumba ya zo mata a makare. Ƙaryar ƙoshin nan ta riga ta cinye ta, cikinta ya daina karɓar abinci. Ta rasu kafin ɗanta ya dawo, da safe, kanta a cinyata. Na yi kukan da ban yi wa uwar da ta haife ni ba. Da maigidana ya iso da ɗan buhun masara, tun a kasuwar Kebbe aka tare shi da labarin matarsa ta ƙona turken gwamnati. Ya shigo da niyyar faɗa, ya tarar da ɗakin uwarsa a rufe da 'yarsa a raye, bai taɓa tayar da maganar ba har ya koma ga Allah.

Abu ɗaya ne ban gaya wa kowa ba a lokacin. Tambayar Malam Sahabi ta maƙale mini kamar ƙaya a tafin ƙafa. Da na zo layin ƙarshe na ramin, wanda ke gefen fadama, na tsaya da dagi a hannu. Muna bukatarsa, Allah ya sani. Na mayar da ƙasa na bar shi. Ba don turkensa ba, don turke na riga na ƙona. Don Jumma na bari, da hannuna, da ganin damata.

Su ne giginyun da ke tsaye a ƙasan gonar nan yau, a jere, dogaye. Gandun kuwa je ka gani. Masu lasisi sun gama da giginya, masu gawayi suka bi sauran, yanzu fili ne fetal, turakun siminti na gadin iska. Duk mai son ƙwallo a ƙauyen, gindin nawa yake zuwa, kuma ba mu taɓa hana kowa ba. Jumma ta yi aure a garin, ita ke noma gonar, duk shekara tana binne raminta, tana barin layin ƙarshe.

Don haka da ta gama magana a waya na ce ta jira ni. Autana ya ce, "Iya, ki bari in tai ofis in yi magana, ƙafarki ba lafiya." Na ce ya riƙe ofishinsa. Na shiga motar Kebbe, daga can ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni a babur, duk gaɓoɓina na kuka.

Na tarar da geron bana ya sunkuya ya yi fari, irin na waccan shekara sak. Jumma na bakin ramin da 'ya'yanta da dagi, ga jan turke a tsakiya. Ba a daɗe ba malamin dajin ya iso a kan babur, yaro ne sa'ar jikana, da ladabinsa, har ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce sabuwar doka ce, giginya ta yi ƙaranci, an sa ta cikin itatuwan da ake karewa ko a gonar wa take. Ba a taɓa ƙwallo, ba a tona muruci, sai an je an nemo izini.

"Wa yash shuka waɗanga da kaka karewa?" na tambaye shi.

"Ban sani ba, Hajiya."

"Ni ta. Waɗanda gwamnati tat tsare suna can, tai ka ƙirgo su."

Ya dubi wajen gandu, ya sosa ƙeya. Ya ce shi aiko shi aka yi, idan an tuge wannan dole gobe ya kawo wani. Na ji tausayinsa, har ga Allah, amma tausayi bai taɓa cika tukunya ba. Na miƙa wa Jumma sandata, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa marasa lafiya, na rungumi turken. Jikokina suka taso za su taya ni, na daka musu tsawa. Na girgiza, na ja, ya fito. Na miƙa wa Jumma na ce ta ɗora tukunya.

Sannan na juya wurin yaron, ina haki.

"Ka kawo wani gobe, ɗana, ba mu hana ka aikinka. Amma ka zaɓo busasshe. Wanga ɗanye na, hayaƙi za shi yi muna."